Takalmin Malama Fanne

Ni dai ban taɓa shiga jirgin sama ba, kuma yadda nake ji a raina ba ni da niyya. Amma tun kafin rikicin yaran nan masu tayar da bam ya iso mana Potiskum na san halin na'urar binciken filin jirgi fiye da wasu da suka je Makka suka dawo. Duk shekara, da lokacin aikin Hajji ya matso, maniyyata kan kawo takalmansu rumfata da ke bakin titi a Yerimaram, su ce, "Sajo, a cire min ƙarfen nan na ciki, kada a tsayar da ni a gaban mutane." Akwai wani siririn ƙarfe da kamfani ke ɓoyewa a tafin takalmi sau-ciki don kada ya lanƙwashe, shi ne ke sa na'urar ta yi ihu. Sai in ɓare tafin, in zare shi, in sa tsagin gora a gurbinsa, in mayar da gam. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce min aikina ya yi ƙara. In sun dawo ma, wasu ko dabino ba sa tunawa da ni, amma wannan wata maganar ce.

Shi ya sa ranar da Fanne ta zo min da tata matsalar, har dariya na so in yi.

Fanne 'yar maƙwabcina ce, marigayi Ba Gana. Shan inna ya taɓa ta tun tana goye. Ƙafar hagu ta tsaya siririya, ta fi 'yar'uwarta gajarta da kamar faɗin hannu, gwiwar kuma ba ta riƙe nauyi ko kaɗan. Ta daman ma lallaɓawa take yi. A asibitin ƙashi na Kano aka fara yi mata takalminta, daga baya da ta yi ta girma tana fin ƙarfinsa, sai na ce da ubanta ya daina wahalar hanya. Ni da wani mai walda muka riƙa kwaikwayonsa. Tafinsa mai kauri ne don ya cike giɓin tsawon, ga sandunan ƙarfe biyu sun taso daga dunduniya har saman gwiwa, ga maɗauran fata masu ƙarfe a baki. Ba shi da kyan gani, ni da na yi shi na sani. Amma da shi ta yi firamare, da shi ta yi sakandare, da shi ta gama kwalejin horon malamai, ta dawo aka ba ta aji uku a wata makarantar firamare da ke can hanyar Fika. In da takalmin, Fanne malama ce a tsaye a gaban allo. In babu shi, ko taku ɗaya ba ta iyawa.

To sai zamani ya juya. Aka hana babura, aka jibge buhunan yashi a kan tituna, kowace ƙofa ta samu mai tsaro riƙe da wannan baƙar na'urar da muke kira sikana. Masallaci sikana, coci sikana, kasuwa sikana. Mutum ya je sayen tumatir sai an shafe shi gaba da baya. Da aka fara turo 'yan mata da bam ɗaure a jiki kuwa, sai abin ya koma kan matan gari gaba ɗaya. Mace in ta doso taro, za ka ga maza suna ja da baya suna duban cikinta. Da aka sake buɗe makarantu bayan dogon hutun dole, aka zuba sojoji a ƙofar makarantar su Fanne.

Da yamma ta zo, bayan an tashi. Ta zauna a bencina ta miƙe ƙafar, ta gaishe ni a tsanake kamar ba abin da ya faru, sannan ta ce, "Baffa, yau an saita ni da bindiga."

Na ajiye basilla.

Ta ce tana cikin layi, sojan ya sauko da sikana ta gefen zanenta, abin ya ƙwala ƙara. Kafin ta buɗe baki layin ya watse, yara suna faɗuwa suna tashi, shi kuma ya yi tsalle baya ya ɗana bindiga. Shugabar makarantar ce ta cece ta, Madam Mnena, wata 'yar Binuwai da ta fi shekara ashirin a garin nan. Ta fito a guje ba ko takalmi tana ihu, "Oga, malamata ne! Ƙafa ne, ƙarfen ƙafa ne!"

Na ce, "To ai yanzu sun san ki. Shi ke nan."

"Waɗannan sun san ni. Amma canza su ake yi, Baffa. Madam ta ce ba sa daɗewa." Ta murza bakin mayafinta. "Wata rana Madam za ta makara."

Nan ne na buga ƙirji. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni da na wuce da alhazai ta na'urar filin jirgi, wata 'yar sikana ta hannu ce za ta gagare ni? Zan yi mata takalmin da ko allura babu a cikinsa. Ta dube ni da wannan kallon nata na malamai, wanda suke yi wa yaron da ya ɗaga hannu da sauri, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Tafin bai ba ni wahala ba. Na yanka soson silifa na jera shi hawa-hawa, na rufe ƙasan da tayar mota, na ɗinke da kirtani maimakon ƙusa. Maɗauran na cire musu ƙarfe na huda rami na zura igiya. Sandunan ne suka sha min kai. Na fara da gora, tunda ita na sani. Na sa ƙarfina na danna, ta tsage. Na koma katako, ya yi nauyi, kuma ba ya bin lanƙwasar ƙafa. Wani ya ce in gwada ƙahon sa, na je mahauta na ɗebo, na dafa shi har maƙwabtan rumfa suka kawo min ƙarar wari. Na watsar da shi bayan na gaya musu abin da ya sawwaƙa.

Wata safiya ina zaune ina kallon masu gyaran famfo a tsallaken titi, na ga yadda suke gasa farin bututun roba a wuta su lanƙwasa shi yadda suke so. Na tashi na je na sayo. Na tsaga shi biyu, na gasa a kan gawayi, na ɗora shi a kan tsohon takalminta ina matsawa da tsumma har ya ɗauki siffar. Na ƙona yatsu ba adadi. Amma da ya huce na danna shi, bai tsage ba.

Saura gwaji, ni kuwa ba ni da sikana. Leonard ne ya faɗo min, wanda nake sayen gam da kirtani a shagonsa. Shi ke tsaron ƙofar cocinsu ranar Lahadi, kuma a shago yake ajiye na'urar don kada yara su cinye batirin da wasa. Na naɗe takalmin a buhu na kai masa. Da na zare shi ya ja baya kaɗan.

"Baba Sajo, wannan mene ne kuma?"

"Takalmi ne. Shafa min."

Ya shafa. Abin ya yi ƙara.

Na ce na'urarsa ce ta lalace. Ya ce na'urarsa lafiya lau, jiya ma ta kama makulli a aljihun fasto. Muka yi ta musu har mutane suka fara tsayawa. Na koma rumfa a fusace na farke ɗinkin da na sha wuya a kansa, sai ga wata 'yar waya siririya a cikin tayar. Ashe tayar babbar mota na yanko, mai waya a ciki. Na zagi tayar, na zagi wanda ya sayar min, na nemo ta Keke Napep na sake sabon aiki. Da na koma, Leonard ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya juya shi ya shafa ciki. Shiru. Ya kai na'urar kan agogonsa don ya tabbatar, ta yi ƙara, ya dawo da ita kan takalmin, shiru. Ya ce, "Baba, ka ci kyauta." Na ce ya riƙe kyautarsa ya rage min kuɗin gam.

A gidansu na ɗaura mata shi, uwarta tana zaune a kan tabarma tana kallo. Fanne ta dafa bango ta miƙe. Ta yi taku, ta ƙara, ta kai bakin randa ta juyo. Ba wannan ƙwas-ƙwas ɗin da muka saba ji tun daga nesa. Uwar ta ce, "Ikon Allah." Ni kuwa ba takun nake kallo ba, goshinta nake kallo, ya jiƙe da gumi. Roba ba ƙarfe ba ce. Tana ɗan bayarwa in an taka, gwiwar kuma sai ta yi aikin da ba ta saba ba.

Na ce, "Yana cin ki?"

"Ya yi, Baffa."

"Tambayarki na yi ko yana cin ki."

"Kaɗan. Zan saba."

Kuma ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Aka canza sojojin, sababbi suka zo, sikana ta bi ta jikinta ba ta ce uffan ba. Da yamma in Napep ya wuce da ita ta gaban rumfata takan ɗaga min hannu. Ni kuma duk wanda ya zauna a bencina sai ya ji labarin takalmin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Robar ta goge mata fata a bayan gwiwa har ta yi gyambo, na shimfiɗa soso a wurin. In rana ta yi zafi takan yi laushi ta karkace, in sake gasawa in miƙar. Muna ta lallaɓawa a haka, ni da ita, har aka shiga zangon karatu na gaba.

Sai wani abu ya sake tashi a cikin gari, a wurin da mutane suka cika. Na ji ƙarar daga rumfa, gwangwanin gam ya faɗo daga kan kanta. Ba zan tsaya ba da labarin wannan ranar ba, duk ɗan garin nan yana da nasa. Abin da ya shafe mu shi ne, mace aka ce ta kai kayan, kuma kafin mako ya zagayo an kwashe sojojin ko'ina an kawo wasu daga bakin daga, waɗanda idonsu ya riga ya ga abin da ya gani.

Ranar da aka koma makaranta hankalina bai kwanta ba. Na rufe rumfa na ce zan raka ta. Ta ce ba sai na je ba, na ce ba shawararta nake nema ba. Muka shiga Napep ɗaya.

Wurin ya canza. An ɗaure igiya can nesa da ƙofar, a nan kowa ke tsayawa. Daga igiyar zuwa buhunan yashi fili ne fetal, an zuba masa tsakuwa. Mutum ɗaya ke shiga, hannuwa a sama, sai ya isa an shafe shi sannan na baya ya taso. Jaka da duk abin da ke hannu a wata robar wanki ake sawa, su jawo ta da igiya. Yara sun riga sun shige, saura malamai. Na tsaya a gefe tare da masu Napep.

Layi ya zo kan Fanne. Ta sa jakarta a robar, ta tattare mayafinta ta ɗaga hannu, ta shiga filin. Tana tafiya tana ɗingishi, a hankali, saboda tsakuwa ba ta yi wa tafin daɗi. Ta kai kamar rabi, sai sojan da ke gaba ya daka tsawa. Saurayi ne, bai fi sa'ar ɗana na biyu ba, Hausarsa a karye.

"Kai! Tsaya can! Mene ne a ƙafa?"

Ta tsaya. Ta ce takalmi ne, ƙafarta ce ba lafiya.

"Ɗaga zane!"

Ta sauke hannu ɗaya ta ɗaga zanen zuwa ƙwauri. A lokacin ne na ga aikina da idon wani. Farin bututu ne manne a jikin mace, an naɗe shi da baƙar igiya, ƙasansa kuma wani dunƙule mai kauri wanda ba wanda ya san abin da ke ciki. Ni da hannuna na yi shi, amma wallahi sai da gabana ya faɗi.

Sojan ya ƙwala wata kalma da Turanci, duk suka zube bayan buhuna, bakin bindigogi ya leƙo. Malaman da ke layi suka watse. Mai Napep ɗin da ya kawo mu ya bar kekensa yana aiki ya ranta a na kare. Na tsallake igiyar ina ihu cewa takalmi ne, roba ce, a kawo sikana a gani. Wani ya juyo da bindiga kaina ya ce in kwanta. Na kwanta. Da furfurata da komai na kifa fuska a kan tsakuwa, na juya kai gefe don in riƙa ganinta, abin da na iya ke nan.

Suka ce ta zauna ta kwance shi ta jefar. Ta zame ƙasa. Igiyar nan ni na koya mata yadda za ta riƙa ƙulle ta tam don kada ta saki a hanya, yanzu yatsunta sun kasa warware ƙullin. Suna ta yi mata tsawa. Tana ja, ƙullin yana ƙara kamawa. Ban ji ta yi kuka ba, sai dai na ga leɓenta yana motsi, na san abin da take karantawa, ni ma shi nake karantawa. Daga ƙarshe ta sa haƙori. Ta zare ƙafar ta jefa takalmin iya ƙarfinta, ya faɗi nan kusa da ita.

Can sai babbansu ya fito, wani dogo mai tabo a kunci. Ya zo da doguwar gora ya tunkuɗa takalmin nesa, ya juya shi, ya jira. Da ya ga ba abin da ya faru sai ya tsuguna ya zaro wuƙa. Ya farke tafin, soson ya warwatse hawa-hawa. Ya yanke igiyoyin, ya taka bututun ya karye. Ya daɗe yana kallon tarkacen. Sannan ya ce in tashi.

Madam Mnena ta fito tana haki, ta cire mayafin kafaɗarta ta rufa wa Fanne a ƙafa. Ta juya kan mutumin ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ya bar ta ta gama. Na so a ce mugu ne, da na samu wanda zan tsine wa in ji sanyi. Amma da ya buɗe baki Hausarsa ta fi tawa, muryarsa kuma a gajiye take. Ya ce ta yi haƙuri. Ya ce a inda suka baro ya rasa yaransa a bakin ƙofa irin wannan, kuma wadda ta zo musu ta fi wannan malamar ban tausayi. Ya ce ba ya hana ta aiki. Ta zo da na ƙarfe ko na roba, duk wanda ta ga dama, amma a bakin igiya za ta cire shi ta sa a robar wanki, a jawo a duba, ita kuma ta ƙaraso a shafe ta, sannan a mayar mata.

Madam ta ce, "Ta ƙaraso da wane ƙafa, Oga?"

"Ban sani ba, Madam."

Na ce to a bar ta ta riƙe sanda. Ya ce sanda ma a roba take shiga. Madam ta ce ita za ta riƙa fitowa tana riƙo ta, ya ce mutum biyu ba sa shiga filin tare. Ta ce to ita za ta je bakin igiya ta caje ta da hannunta, in abu ya tashi ya tashi da ita. Ya ce in ya yarda mata, gobe kowa zai zo da mai tsaya masa. Na ce a tura soja ɗaya da sikana ya same ta a can. Ya dube ni ya ce, "Baba, wanne zan tura? Nuna min shi." Na dubi yaran nan da ke bayan buhuna.

Ni da Madam muka ɗauke ta muka sa a Napep. Na zauna a gaba kusa da direba, ragowar takalmin a kan cinyata, ban ma san dalilin da ya sa na kwaso shi ba.

Bayan nan ba inda ban shiga ba. Na je wurin mai unguwa, ya ce shi kansa hannu a sama yake wuce shingen ƙofar gidansa. Madam ta nema mata canjin makaranta, aka ce kowace makaranta da tata igiyar, ofishin da za a je neman canjin ma da tasa. Wani ya kawo shawarar keken guragu, na ce ya je ya tura tulin ƙarfe irin wannan gaban sojoji in ga ni. Aka samo takarda daga likita, babban sojan ya karanta ya ce ya yarda da duk abin da ke ciki, amma takarda ba ta nuna masa abin da ke ƙarƙashin zane daga nesa. Na zauna a rumfa ina juya fata da roba ina tunanin takalmin da zai riƙe gwiwa, ba ƙarfe, ba kauri, ba igiya, wanda za a hango daga nesa a san ba komai a cikinsa. Babu irin wannan takalmin. Tun ina saurayi nake wannan sana'ar, ban taɓa jin hannuwana sun zama banza ba sai a kwanakin nan.

Na je gidansu na ce wa Fanne ta haƙura ta zauna har abubuwa su lafa. Uwarta ma abin da take ta faɗa ke nan. Fanne tana zaune a bakin gado da littattafan yaranta a gefe, ta ce, "Yaushe za su lafa, Baffa?" Na ce Allah ne ya sani. Ta ce ajinta an haɗa shi da na wata malama, yara sun yi yawa har wasu a waje suke zama. Na ce yara ba za su mutu don sun zauna a waje ba. Na faɗa da faɗa. Ta ce, "Haka ne," ta sunkuyar da kai. Na fito ina jin haushin kaina da na kowa.

Wata ranar Litinin bayan la'asar ina ɗinkin wani silifa, na ji ƙwas-ƙwas a bayana. Fanne ce, ta koma tsohon takalminta na ƙarfe. Kayan aiki ne a jikinta, da jakarta a kafaɗa. Ta zauna a benci ta gaishe ni, hannuwanta a cikin mayafi.

Na ce, "Daga ina?"

"Daga makaranta."

"Sun bar ki kin wuce da shi?"

"A'a. Na sa shi a robar."

Na ajiye silifan. Ban tambaye ta yadda ta ƙarasa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Zanenta na duba, wajen gwiwoyi ya yi jajir da ƙasa kamar na mai rarrafe, ta kakkaɓe amma bai fita ba.

Na ce, "Yara sun gan ki?"

"Madam ta sa an rufe tagogi." Ta gyara zama. "Tagar ajina ce ba ta da murfi."

Na tashi tsaye. Na ce ba za ta koma ba, na ce in ubanta yana da rai ba zai yarda ba, na ce ni ma ban yarda ba, in ta sake zuwa kada ta ƙara kirana Baffa. Na yi ta faɗa har mai shayin da ke kusa ya leƙo. Ta bar ni na gama, kamar yadda sojan nan ya bar Madam. Sannan ta fito da hannuwanta daga mayafi ta shimfiɗa su a kan teburina, tafin a sama. Tsakuwa ta farfasa su, wasu wuraren jinin ya bushe, farin alli ya shiga cikin tsagar ya zauna.

"Baffa, gobe ma akwai makaranta. Ka yi min na hannu guda biyu. Kada ka sa ƙarfe, kada ka yi musu kauri. Waɗanda za su hango daga nesa su san ba komai a ciki."

Na daɗe a tsaye. Napep suna wucewa, wani yana ta danna hon a bakin titi. Na koma na zauna, na jawo kwali daga ƙarƙashin tebur na nemo fensir. Na ce ta kifa hannun ta ware yatsu. Na zagaye na dama, sannan na hagu.